Layi ɗaya da ya hana shahararriyar waƙa shiga littafin coci

 Yau tarihin waƙa na ɗauko mana, waƙar sujada ta Kirista, da rigimar da ta tashi a kanta a Amurka a shekarar 2013. Sunan waƙar In Christ Alone, wato cikin Almasihu kaɗai. Duk wanda ke zuwa sujadar Turanci a majami'un Najeriya da wuya a ce bai taɓa jin ta ba. To ko kai Kirista ne ko ba Kirista ba, ka gyara zama, don tambayar da ke cikin labarin ta shafi duk mai addinin da ake rera waƙa a cikinsa. Idan waƙa ta yi daɗi, ta ratsa zuciya, mutane sun haddace ta, wa ke komawa ya duba ko abin da take faɗa ya yi daidai da littafin da aka ce daga cikinsa aka ɗauko ta?

Mu fara da waƙar kanta. Mutum biyu ne suka yi ta a 2001. Keith Getty, mutumin Ailan ta Arewa, shi ya tsara karin. Stuart Townend, Bature ɗan Ingila wanda mahaifinsa limamin Anglika ne, shi ya rubuta baitocin. Ita ce waƙa ta farko da suka yi tare. Burinsu a lokacin shi ne su yi waƙar zamani mai nauyin koyarwa irin na tsofaffin waƙoƙin coci, saboda yawancin sababbin waƙoƙin sujada na wancan lokacin gajeru ne, layi biyu ko uku a yi ta maimaitawa. Baiti huɗu gare ta. Na farko yana maganar dogaro ga Yesu, na biyu haihuwarsa da mutuwarsa, na uku tashinsa daga matattu, na huɗu kuma rayuwar mai bi har ranar mutuwarsa. Waƙar ta bazu kamar wutar daji. Har a bikin naɗa Justin Welby a matsayin Babban Bishop na Canterbury, a watan Maris na 2013, an rera ta. Ku riƙe sunan Canterbury ɗin nan, za mu dawo kansa.

A daidai wannan lokacin, babbar ikilisiyar Firesbiteriya ta Amurka tana shirya sabon littafin waƙoƙi mai suna Glory to God, wanda zai maye gurbin na 1990. An kafa kwamiti mai mutum 15, shugabarsa wata farfesa mai suna Mary Louise Bringle, ita ma marubuciyar waƙoƙin coci ce. Aikinsu su tace dubban waƙoƙi su zaɓi sama da 800. In Christ Alone ta tsallake tantancewa lafiya lau. Sai dai kwafin da ke gabansu daga wani littafin waƙoƙin 'yan Baptis suka ɗauko shi, mai suna Celebrating Grace, na 2010, kuma a cikinsa an canza layi ɗaya na baiti na biyu. Layin na asali yana ɗaure mutuwar Yesu da fushin Allah, yana nuna mutuwar ce ta biya abin da wannan fushin ke bi. Wanda aka sa a madadinsa yana magana ne a kan yadda mutuwar ta nuna girman ƙaunar Allah.

Da kwamitin ya je neman izinin bugawa, sai masu waƙar suka ce a'a. Ba mu amince da wannan canjin ba, ko ku buga ta yadda muka rubuta, ko ku bar ta. Kwamitin ya koma ya yi muhawara, aka kaɗa ƙuri'a, mutum 9 suka ce a bar ta, 6 suka ce a sa ta. Shi ke nan, waƙar ta faɗi.

Bringle da kanta ta ba da labarin a mujallar The Christian Century a 2013, ta kawo hujjar kowane ɓangare. Masu son a sa waƙar suka ce littafin waƙoƙi kamar taskar iyali ne, dole a samu muryoyi daban-daban a ciki, kuma wannan fahimtar ta gicciye tana da tsohon tarihi a cocinsu. Masu ƙi suka ce littafin waƙoƙi makaranta ce, yaran da za su tashi da shi za su koyi wane ne Allah daga cikinsa, kuma ba sa son yaro ya tashi da tunanin cewa babban dalilin gicciye shi ne Allah na neman inda zai huce haushi. Labari ya fita, jaridu suka ɗauka, intanet ta ɗauki zafi. Wani malamin tauhidi ɗan Baptis, Timothy George, ya rubuta a mujallar First Things cewa ana neman ƙaunar Allah mai laushi tuɓus wadda ba ta da hukunci. Wasu suka ce 'yan Firesbiteriya sun kori fushin Allah daga littafinsu. Bringle ta mayar da martani cewa ba kalmar fushi ce ta dame su ba, akwai ta a wasu waƙoƙin da suka zaɓa, kalmar biya ɗin ce matsalar.

Wani zai ce, duk wannan a kan layi ɗaya? To ai tarihi ya nuna cocin ta daɗe da sanin abin da waƙa ke iya yi. A farkon ƙarni na 4, a Iskandariya ta Masar, an yi wani limami mai suna Ariyus wanda ya koyar da cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Bai tsaya ga wa'azi ba, ya zuba koyarwar cikin waƙa. Tsofaffin marubutan tarihin coci sun ce ya yi waƙoƙi don matuƙan jirgin ruwa, da masu niƙa, da matafiya. Kafin bishop-bishop su gama rubuta wa juna wasiƙu, talakawa sun riga sun haddace. Rigimar ce ta kai ga taron Nikiya na shekarar 325, wanda Sarki Kustantin ya kira. A garin Edessa, wanda yau ake kira Urfa a Turkiyya, wani malami mai suna Ifraimu, da ya rasu a 373, ya ga waƙoƙin Bardaisan sun cika gari da koyarwar da bai yarda da ita ba. Me ya yi? Ya rubuta nasa waƙoƙin, ya koya wa ƙungiyoyin mata suna rerawa, kamar dai zumuntar mata ta yau. A Milan ta Italiya, a 386, da fadar sarki ta nemi ƙwace wata majami'a ta ba mabiya Ariyus, Bishop Ambrose da jama'arsa suka shige ciki suka ƙi fita, suna rera waƙoƙin da ya tsara. Har ta kai wani taron bishop-bishop a Lawudikiya, a wannan ƙarnin, ya hana rera waƙoƙin da mutum ya ƙirƙira da kansa a cikin coci. Shi ma John Calvin, kakan 'yan Firesbiteriya, a Geneva Zabura ya fi yarda a rera, don a ganinsa kalmomin da Allah ya bayar sun fi aminci a bakin jama'a. An kammala littafin Zaburarsa ta rerawa a 1562. Dalilin duk wannan tsoron kowa ya san shi. Wa'azin fasto na Lahadin da ta wuce mutum nawa ne za su iya maimaita shi? Amma waƙar da aka koya maka kana ɗan shekara bakwai tana nan a kanka har tsufa.

Yanzu mu koma kan kalmar da ta jawo rigima. Daga ina maganar biya ta fito?

Kiristocin farko duk sun yarda Yesu ya mutu domin zunubin mutane. Amma ta yaya mutuwar mutum ɗaya ke kawar da zunubin wasu? A nan bayani ya rabu. Markus 10:45 ta kira ran Yesu fansa. To fansa ai wani ake ba. Wa aka ba? Origen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan, tunda shi ke riƙe da mutane kamar bayi. Gregory na Nissa ya ƙara da wani misali da ya yi suna, cewa jikin Yesu kamar tana ne a bakin fatsa, allahntakarsa kuma ita ce ƙugiyar, Shaiɗan ya haɗiye ya maƙale. Wannan bayanin ya yi ɗaruruwan shekaru yana yawo, ko da yake tun a lokacin akwai waɗanda suka ƙi shi, irin su Gregory na Naziyanzus.

Sai Anselm ya zo. Mutumin Italiya ne, ya zama Babban Bishop na Canterbury a 1093, kujerar nan da aka rera waƙar a bikin naɗa magajinta bayan shekara 920. A 1098, yana gudun hijira a Italiya saboda saɓani da sarkin Ingila, ya kammala wani ɗan littafi da Latin mai suna Cur Deus Homo, ma'ana me ya sa Allah ya zama mutum. Anselm ya ce Shaiɗan ɓarawo ne, ba ya bin kowa bashi, babu abin da za a biya shi. Wanda ake bi wa haƙƙi Allah ne. Mutum ya hana Allah girman da ya kamace shi, wannan bashi ne. Mutum ne ya ci bashin, shi ya kamata ya biya, amma ba shi da abin biya, domin duk abin da ya mallaka, har biyayyarsa ta gobe, dama na Allah ne. Allah kaɗai ke da abin biya, amma ba shi ya ci bashin ba. Saboda haka dole a samu wanda yake Allah kuma mutum. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce satisfactio, daga Latin, asalin ma'anarta yin abin da ya isa. Kalma ce ta dokar Rumawa a kan bashi, kuma tun wajen shekara ta 200 Tertullian na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya shigo da ita maganar tuba. Idan kuna son kusantar ma'anarta a Hausa, ku tuna da diyya. An yi ɓarna, an biya abin da ya isa, magana ta mutu.

Ga wani abu da mutane da yawa ke tsallakewa. A wurin Anselm, biya da horo abu biyu ne. Ko a biya, ko a hukunta. Yesu ya biya ne don kada a yi hukunci. Girman Allah da tsarin halittarsa su ne a tsakiyar littafinsa, fushi bai cika fitowa ba.

Ba a daɗe ba wani malami a Faransa, Peter Abelard, ya ɗaga yatsa. Ya ce ta yaya kisan marar laifi zai faranta wa Allah rai? Idan cin ɗan itacen Adamu ya jawo wannan bashin, kashe Ɗan Allah ai ya fi shi muni. A ganinsa, gicciye nuni ne na ƙaunar da ta kai matuƙa, wadda idan mutum ya gan ta zuciyarsa ke narkewa ya juyo ga Allah. Bernard na Clairvaux ya taso masa, aka yanke wa koyarwarsa hukunci a taron Sens wajen 1140. Kun lura? Layin da Townend ya rubuta jikan Anselm ne, layin da kwamitin ya so kuma jikan Abelard. Rigimar 2013 ta girmi Amurka kanta nesa ba kusa ba.

Wanda ya haɗa biya da fushi wuri ɗaya su ne masu gyaran coci na ƙarni na 16. Calvin lauya ya karanta kafin ya koma tauhidi, kuma da idon kotu ya kalli maganar. Allah alƙali ne, doka ta yanke hukunci, Yesu ya tsaya a wurin mai laifi ya sha hukuncin. A nan horon da kansa ya zama biyan. Littafin tambaya da amsa na Heidelberg, na 1563, ya koyar cewa Yesu ya ɗauki fushin Allah a kan zunubin 'yan Adam a jikinsa da ransa. Shaidar bangaskiya ta Westminster, ta shekarun 1640, ta ce hadayarsa ta biya adalcin Uban gaba ɗaya. Abin da ya ba masu sukar kwamitin ƙarfi ke nan, domin waɗannan takardu biyu suna cikin kundin shaidar bangaskiya na ita wannan cocin ta Firesbiteriya. Suka ce, abin da kuka rantse a kai ranar naɗi, shi ne yau kuka kasa rerawa? Amma ku lura da ɗan bambancin. Westminster adalci ta ce an biya. Waƙar fushi ta ce. A kunnen malamin tauhidi kusan abu ɗaya ne. A kunnen yaro ɗan shekara goma fa?

Suka kuma ba ta taɓa tsayawa ba. A 1594 Faustus Socinus ya buga littafi yana tambaya: idan an biya bashi kaf, ina gafarar? Wanda ya karɓi kuɗinsa cif ai ba za a ce ya yafe ba. Masu kare koyarwar suka amsa cewa mai bin bashin ne ya biya daga aljihunsa, don haka ga wanda ake bi, yafiya ce tsantsa. A 1931 aka fitar da littafin Gustaf Aulén, mutumin Suwidin, da Turanci, mai suna Christus Victor, inda ya ce ku bar Anselm da Abelard, tsohuwar fahimtar coci ita ce gicciye yaƙi ne, Yesu ya ci zunubi da mutuwa da Shaiɗan. A 2003, shekara biyu kacal bayan fitar waƙarmu, wani fasto ɗan Baptis a Ingila, Steve Chalke, ya fitar da littafi inda ya kamanta wani salon wannan koyarwar da uba mai cin zalin ɗansa. Hankalin masu bishara na Birtaniya ya tashi har aka kira taron muhawara a Landan a 2005. To kun ga ƙasar da waƙar ta faɗo a kai, dama da zafinta.

Yanzu mu buɗe littafin da kansa, tunda shi ne alƙali. Ga mai Littafi Mai Tsarki a kusa, ya duba tare da ni.

Na farko, shin akwai fushin Allah a ciki? Akwai, kuma ba a Tsohon Alkawari kaɗai ba. Manzo Bulus ya buɗe hujjarsa a Romawa 1:18 da shi. Yahaya 3:36, a sura ɗaya da ayar ƙaunar nan da kowa ya haddace, ta ambace shi. Na biyu, shin an haɗa mutuwar Yesu da tsira daga wannan fushin? An haɗa, a Romawa 5:9. Na uku, shin an ce ya ɗauki abin da ya kamaci wasu? Ishaya 53 ta yi maganar bawan da aka ɗora wa laifin jama'a, Galatiyawa 3:13 ta ce ya ɗauki la'ana a madadinsu, 1 Bitrus 2:24 ta ce ya ɗauki zunubai a jikinsa. Har nan, Townend na tsaye a kan ƙasa mai ƙarfi.

Na huɗu shi ne inda gizo ke saƙar. Shin akwai ayar da ta ce a fili an biya fushin Allah, ko an gamsar da shi? Da waɗannan kalmomin, babu. Abin da ake da shi wata kalmar Helenanci ce, hilasterion, a Romawa 3:25, da 'yar'uwarta hilasmos a 1 Yahaya 2:2 da 4:10. A Helenancin arna, wannan dangin kalmomin na nufin kwantar da hankalin abin bauta da ya fusata. Amma a tsohuwar fassarar Attaura ta Helenanci, hilasterion sunan murfin akwatin alkawari ne, inda babban firist ke yayyafa jini sau ɗaya a shekara a Ranar Kafara, kamar yadda Littafin Firistoci sura 16 ya tsara. To Bulus wanne yake nufi? A shekarun 1930 wani masani ɗan Birtaniya, C. H. Dodd, ya ce ma'anar ita ce share zunubi, abin da ake wankewa zunubi ne, ba Allah ake lallashi ba. A 1955 wani masani ɗan Ostireliya, Leon Morris, ya mayar masa da amsa da littafi guda, ya ce Bulus ya kwashe sura biyu da rabi yana maganar fushi, to idan kalmar nan ba ta taɓa fushin ba, ina aka bar shi? Har fassarorin Turanci suka rabu. Ta Sarki James ta 1611 ta ɗauki kalmar kwantar da fushi, wata fassarar Amurka ta 1946 ta ɗauki ta share zunubi, wasu na baya suka tsaya tsakiya suka ce hadayar kafara.

Amma akwai abin da Dodd da Morris ba su yi jayayya a kai ba, kuma a ganina shi ne mabuɗin maganar. A duk waɗannan ayoyin, wa ya kawo hadayar? Allah ne. Romawa 3:25 Allah ne ya gabatar. 1 Yahaya 4:10 Allah ne ya aiko, kuma dalilin da ta bayar ƙauna ce. 2 Korintiyawa 5:19 ta nuna Allah yana cikin Almasihu lokacin da ake sulhun. Romawa 5:8, ayar da ke gaban ta fushin nan kai tsaye, ta ce mutuwar Yesu tabbacin ƙaunar Allah ce. Wato layin da Townend ya rubuta da layin da kwamitin ya so maƙwabta ne, aya ta 9 da aya ta 8 na sura ɗaya. Calvin da kansa ya jaddada cewa ƙaunar Uba ce ta riga komai. John Stott, a littafinsa The Cross of Christ na 1986, wanda masu kare wannan koyarwar ke ji da shi, ya gargaɗe su da kada su zana Uba mai zafin rai da Ɗa mai taushi da ya shiga tsakani, domin Allah ne da kansa ya tsaya a wurin mai laifi.

To ga nawa ra'ayin. Idan tambayar ita ce ko layin ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki, ni ban ga saɓani ba. Kayan da aka gina shi da su duk suna ciki, illa dai kalmar da ta ɗaure su daga Latin ta zo, ta hannun Anselm da Calvin. Fassara ce ta ayoyin, wadda manyan masana da yawa suka tsaya a kai, wasu manyan kuma suka ƙi. Kuma adalci ga Townend shi ne a karanta baitin gaba ɗaya, domin kafin ya kai layin rigimar ya riga ya kira zuwan Yesu kyauta ta ƙauna, a baiti na uku kuma nasara a kan mutuwa da zunubi yake rerawa, irin wadda Aulén ya yi magana a kai kuma Kolosiyawa 2:15 ta zana. Anselm da Abelard da Aulén duk suna cikin waƙar.

Sai dai damuwar mutum taran nan ma ba shirme ba ce. Kalmar Turancin da aka yi amfani da ita ta canza launi. A da tana nufin an biya abin da ya isa. A bakin mutumin yau ta fi kama da ƙoshi, kamar wanda ya ci ya gyatse, ko wanda ya rama ya ji sanyi a ransa. Yarinyar da ta tashi a gidan da uba ke dukan yara har sai ya huce, idan ta ji an haɗa fushin uba da mutuwar ɗa da gamsuwa a layi ɗaya, wane hoto zai zo mata? Littafin tauhidi na da shafi ɗari na bayani. Waƙa ba ta da shi, daƙiƙa biyar ne an wuce layin. Inda na rabu da kwamitin shi ne maganin. Layin da suka so sa gaskiya ne, amma ya cire tambayar da Bulus ya sha wahalar amsawa a Romawa 3:26, wato ta yaya Allah zai yafe wa mai laifi kuma ya ci gaba da zama mai adalci. Wanda aka kashe masa ɗan'uwa, aka ƙone masa gida, ba a kama kowa ba, wannan tambayar ba ta aji ba ce a wurinsa. Allahn da mugunta ba ta ɓata masa rai, me zai ce wa irin wannan mutumin?

Saura batun taɓa waƙar wani. Shi ma tsoho ne. A gabatarwar littafin waƙoƙinsa na 1780, John Wesley ya roƙi masu buga littattafai da su daina yi wa waƙoƙinsa da na ƙaninsa Charles gyara, ya ce ba za su iya ba. Alhali shi kansa ya sha gyara waƙoƙin Isaac Watts. Shahararriyar waƙar Kirsimeti ta Charles Wesley ta 1739 ma, George Whitefield ya canza mata buɗewa a 1753, ya sa mala'iku suna rerawa, kuma tasa ce duniya ta riƙe har yau, duk da cewa Luka 2:13 cewa ta yi suna yabo suna faɗa. Bambancin zamaninmu shi ne dokar haƙƙin mallaka. Getty da Townend suna raye, doka ta ba su ikon cewa a'a, kuma sun yi amfani da shi. Kwamitin ma bai buga canjin a ɓoye ba, ya tambaya, aka hana shi, ya haƙura. Glory to God ya fito a ƙarshen 2013 babu waƙar, majami'un da ke son ta kuma suka ci gaba da haska ta a bango da na'ura.

Mu a nan gida maganar ta taɓa mu ta wata fuska. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi da ake rerawa a majami'un Arewa fassara ce daga Turanci. Mai fassara waƙa dole ya sa kalma ta zauna a kan kari, ga adadin gaɓoɓi, ga hawa da saukar muryar Hausa. Ko ya so ko bai so ba, sai ya zaɓa. Da za a ba ka wannan layin ka mayar Hausa, me za ka sa? Biya? Huce? Gamsu? Kafara? Kowace ka ɗauka, ka shiga layin wani daga cikin malaman da muka lissafa. Haka kuma sababbin waƙoƙin bishara da matasa ke sakewa kullum a YouTube da TikTok, babu kwamitin mutum 15 da ke zama a kansu. Shugaban mawaƙa ya ji ta ranar Laraba, ranar Lahadi ikilisiya na rerawa. Bulus ya ce wa mutanen Koranti, a 1 Korintiyawa 14:15, a haɗa ruhu da hankali wajen waƙa, kuma a Kolosiyawa 3:16 ya sa waƙa cikin hanyoyin koyar da juna. Don haka idan waƙa ta burge ka, ɗauki biro ka rubuta kalmominta a takarda ba kiɗa, ka karanta, ka nemi ayar da kowane layi ya jingina da ita, ka duba abin da ke gabanta da bayanta.

Ni dai na faɗi nawa. Da kana cikin mutum 15 ɗin nan, ina za ka jefa ƙuri'arka, wajen tara ko wajen shida? Ku faɗa mini dalilinku, a yi ta cikin mutunci, ban da zagin addinin kowa.